Mahaucin da Ya Daina Shan Ruwa

Akwai wani mahauci a Dutse Uku, cikin garin Jos, ana kiransa Malam Ɗanbala. Shekara talatin yana yanka a Abattoir, babbar mayankar garin. Mutum ne mai murya da barkwanci, kuma jam'i ba ya wuce shi a masallacin unguwa.

Bara likitoci suka gano yana da ciwon dajin mafitsara, irin wanda ke kama maza idan shekaru sun ja. Aka sa ranar aiki. Ana tura shi ɗakin tiyata ma sai da ya tsokani likita: "Ka yi a hankali fa, ni ma ɗan wuƙa ne, zan duba aikinka."

Jama'a, ranar da likita ya fito ya ce an cire ciwon, ba ku ga murna ba! Matarsa Habiba ta rangaɗa guɗa a barandar asibiti har aka zo aka ce ta rage murya. 'Yarsu Zulaihatu kuwa kuka da dariya take yi a haɗe, tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya.

Aka dawo gida, abokan sana'a suka yi ta kawo ƙafar saniya, gida ya gauraye da ƙamshin farfesu. Bayan mako biyu aka cire masa robar fitsari. Kowa ya ce shi ke nan, an gama.

Ashe nan aka fara.

Malam Ɗanbala ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ya daina zuwa masallaci. Mutumin da ke shanye kofi uku na shayi a sanyin Jos, ya koma ko ruwa sai dai ya jiƙa leɓe. Bakinsa ya tsage, idanunsa suka faɗa, in ya miƙe sai jiri ya kwashe shi.

"Malam, don Allah ka sha ko rabin kofi ne," in ji Habiba.

"Ba na jin ƙishi."

Zulaihatu 'yar fari ce, akwai kunya tsakaninta da uban, ba ta iya tsare shi da tambaya. Habiba kuma ta lura yana wanke wandunansa da kansa, shi da ko hula bai taɓa wankewa ba. Ta ji tsoro ƙwarai, amma nauyin baki ya hana ta magana. Kwana goma ana haka, mutum yana bushewa a gabansu.

Suna da maƙwabci, Baba Dantong, tsohon ma'aikacin gwamnati, Kirista. Kullum yana zuwa dubiya ana ce masa Malam na barci. Ran nan Habiba ta kasa daurewa, ta ce, "Baba, ko ruwa ya ƙi sha."

Baba Dantong ya koma gidansa ya dawo da wata baƙar leda. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin har sai da aka buɗe.

"Oga Ɗanbala, fitsari yana zuba da kansa, ko?"

Malam Ɗanbala ya zabura. "Wa ya gaya maka?"

"Babu wanda ya gaya mini. Shekara huɗu da ya wuce, da na ce na tafi hutu wurin yarona, wannan aiki ne aka yi mini. Wata uku ina zuba, yanzu ya tsaya."

Sai ga hawaye a fuskar mahaucin. "Baba, alwalata ba ta tsayawa. Ina idarwa sai in ji ɗigo. Yaya zan shiga sahu haka? Shi ne na ce in na daina shan ruwa, ai dole ya tsaya."

"Haba, oga! Ƙodarka za ka kashe. Ga pampas na manya a leda, ni ma na saka, ban mutu ba. Gobe mu koma wurin likita, akwai motsa jiki da zai koya maka. Maganar salla kuma ba ni da sani, wannan na Liman ne. Bari in kira shi."

Tsohon nan da kansa ya taka har gidan Liman ya zo da shi. Liman ya saurara, ya riƙe haɓa.

"Subhanallahi! Malam Ɗanbala, wannan ai lalura ce. Wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, addini ya yi masa sauƙi. Ka tsare jikinka, in lokaci ya shiga ka yi alwala, ka yi sallarka. Kwana goma kana azabtar da kanka kan abin da tambaya ɗaya za ta warware?"

Malam Ɗanbala ya dubi Liman, ya dubi Baba Dantong. Sai ya buɗe muryar nan da aka kwana biyu ba a ji ba.

"Habiba! Ruwa! A babban kofi!"

Wallahi Habiba da gudu ta zo, rabin ruwan ya zube a hanya. Ya shanye, ya miƙa kofin. Zulaihatu ta ƙaro, ya shanye. Ya ce a ɗora shayi. Gida ya kaure da hamdala, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Da aka kira La'asar ya fito a hankali, Liman a damansa, Baba Dantong a hagunsa. A ƙofar masallaci Baba Dantong ya tsaya. Malam Ɗanbala ya riƙe hannunsa gam.

"Baba, in na ji ƙarfi za ka raka ni Abattoir. Akwai tsofaffi da yawa a can da ke yawan zagayawa bayan gida suna cewa sanyi ne. Ni zan fara faɗa musu nawa."

Darasi: Kunya ado ce, amma kunyar da ke hana tambaya tana iya kashe mutum. In ciwo ya same ka ka tambayi likita, in hukunci ya shige maka duhu ka tambayi malami, kuma kada ka raina maƙwabcin da ya riga ka bin hanyar. Ku tura wa iyayenmu maza da 'yan'uwa, wataƙila wani yana can yana shan wahala a ɓoye.