Mita Ɗari da Ɗaya

An yi wani mutum a nan garinmu na Zhongli. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun san shi, sauran kuma sunansa ba zai amfane su da komai ba.

Yana da shagon taliya a bakin kasuwa, taliyar shinkafa da romon naman shanu irin ta kakanninmu na Yunnan. Kafin bakwai na safe layi ya kai bakin titi. Ranar Juma'a a sahun farko za ka same shi. Da azumi shi ke aiko wa masallaci tukunyar buɗa-baki. Idan ya yi dariya, har masu sayar da kifi a ƙarshen kasuwa suna ji.

Matarsa, Sha Yulan, shekara goma sha tara tana tsaye a kan tukunyar romon nan. Ita ba a jin muryarta.

Ya 'yan uwa, dukanta yake yi. Maƙwabta sun sani. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai suna Na, da ke zaune tare da su, ta sani. Ni ma na sani, domin wata rana bayan la'asar Yulan ta same ni a ƙofar masallaci.

Ta ce, "Liman, ka tsaya ta dama. Kunnen hagun ba ya ji."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar da gishiri ya yi yawa a romo."

Kun san abin da na ce mata? Na ce ta yi haƙuri, zan yi masa magana. Na kuwa yi masa, a hankali, muna shan shayi, ya sunkuyar da kai, ya ce an daina. Na tashi ina ganin na yi sulhu. Na mayar da ita gidan da aka fasa mata kunne. Wannan yana wuyana, kuma ina neman gafarar Allah a kansa har yau.

Bayan wata biyar, likitar da ta ɗinke mata gira ta kai rahoto. Kotu ta ba Yulan takardar kariya. An hana shi kiranta, an hana shi aika mata saƙo, an hana shi tsangwamarta ta kowace hanya, an kuma ce kada ya kusanci gidanta ko wurin aikinta da ƙasa da mita ɗari. Ta kama ɗaki a wata unguwa. Ta sami aiki a wani shagon wanki da guga.

Me kuke tsammani ya yi? Ya zauna ya yi kuka a kan abin da hannunsa ya aikata? A'a. Ya sayi ma'auni irin na magina.

Ya je da rana tsaka ya auna daga ƙofar shagon wankin. Mita ɗari ta ƙare a gindin wata fitilar titi. Ya ƙara taku ɗaya, ya shafa jan fenti a gefen hanya. Daga nan, kullum idan cinikin safe ya lafa, sai ya hau babur ɗinsa ya je ya tsaya a kan fentin nan. Ba ya cewa komai. Yana zaune kawai, fuskarsa na kallon tagar da take guga.

Abokinsa Pu, mahaucin da ke sayar masa da ƙashi, ya ce masa, "Kai, mutumina, ka zama ɗan sandan hanya ne? A ba ka usur mana."

Ya yi dariya, ya ce, "Mita ɗari suka ce. Ni a ɗari da ɗaya nake. Su zo su auna."

Pu ya ce, "Su za su auna titi. Wanda ke auna zuciya fa?"

Ya ce, "Ka tsaya a kan ƙashinka."

Wata Laraba, Yulan ta hau nata babur za ta asibitin kunne. Ya bi ta. A wata mahaɗa fitila ta yi ja, ta tsaya. Ya zo ta bayanta ya doki tayarta da tasa, har ta kusa kifewa. Sannan ya zagayo ta damanta ya faɗa mata wata magana. Kyamarar titi ta ɗauke su daga nesa, amma ba ta ɗaukar sauti.

Aka gurfanar da shi. Ya ce hanya ta kowa ce, birki ne ya ƙwace masa, kuma bai buɗe baki ba. Kotu ta same shi da laifin karya takardar kariya, ta yanke masa wata biyu, da zaɓin biyan tara. Da ya biya, da ya koma kan taliyarsa washegari.

Ya 'yan uwa, nan ne ƙofar rahama ta tsaya masa a buɗe. Bai shiga ba. Ya ce shi ba za a rubuta masa "mai laifi" saboda maganar mace ba. Ya ɗaukaka ƙara. Mai gabatar da ƙara shi ma ya ɗaukaka, ya ce hukuncin ya yi sauƙi.

Babur ɗinsa na da kyamara gaba da baya, kamar na yawancinmu. Sai ya ce ai ga hujja. Ya zare katin da kyamarar ke adana hotuna a ciki, ya goge hoton ranar Larabar da hannunsa, ya bar sauran ranakun da ke nuna shi tsaye a kan fentinsa. Ya kai wa lauyansa, wani dattijo mai suna Tseng.

Tseng ya ce, "Ka kalli duk abin da ke ciki?"

Ya ce, "Me zan kalla? Ni na hau babur ɗin."

Tseng ya ce, "Yallaɓai, shawarata ita ce mu janye, ka nemi afuwa. Kati ba ya zaɓen abin da zai faɗa."

Ya ce, "Aikinka ka miƙa. Idan ba za ka iya ba, ni ina da hannu."

Da hannunsa kuwa ya miƙa shi ga magatakarda.

Ina cikin kotun ranar da aka saurari ƙarar, domin ya roƙe ni in zo in shaidi halinsa. Tsohuwa Na na zaune a bayansa da sandarta. Yulan na can ɗaya gefen, an sa mata labule tsakaninta da shi. Alƙalai uku ne, shugabarsu mace.

Aka kunna hotunan. Safiya bayan safiya, titi ɗaya, taga ɗaya. Kwana hamsin da takwas. Yana murmushi yana gyaɗa kai, yana ganin gaskiyarsa ce ke fitowa.

Alƙaliyar ta ce, "Kwana hamsin da takwas kana zuwa ka tsaya inda za ta gan ka. Me kake jira a wurin?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa ƙetare layi ba."

Ta ce, "Ba layi na tambaye ka ba."



Sai magatakarda ya ce akwai sauran hoto ɗaya, a wani wuri dabam cikin katin. Irin wannan kyamara, idan babur ya yi karo da wani abu, takan kulle hoton daƙiƙun nan ta adana shi a gefe, saboda shaidar haɗari. Mai babur ɗin bai san da haka ba. Dukan da ya kai wa tayarta, shi ne ya kulle hoton.

Aka kunna. Muka ga bayan rigarta. Muka ji karon. Muka gan ta tana dafa ƙasa da ƙafa. Sannan muryarsa ta cika kotun, a natse, babu ko fushi a cikinta:

"Yulan, saura kunne ɗaya. Ki kula da shi. Takarda ba ta kwana a bakin ƙofa."

Ya 'yan uwa, shekara talatin ina gaya wa mutane cewa akwai ranar da za a rufe bakin mutum, gaɓoɓinsa su yi magana. Ina faɗa ne kamar yadda na koya. Ranar nan na ga ɗan ƙaramin misalinsa da idona. Wa ya kira shaidar nan? Ba matar ba, ba ɗan sanda ba, ba maƙwabci ba. Shi ya saye ta, shi ya ɗaura ta a babur, shi ya share ta yana ganin ya gama, shi ya ɗauko ta ya kawo gaban alƙali.

Sai muka ji ƙarar sanda. Tsohuwa Na ce ta miƙe. Ɗanta ya juya ya ce, "Inna, zauna." Ba ta dube shi ba. Ta ratsa tsakiyar kotun a hankali, ɗan sandan kotu ya miƙa hannu zai tare ta, alƙaliyar ta yi masa alama ya bar ta. Ta shiga bayan labule ta zauna kusa da surukarta.

Da aka kira ni in yi shaida, na ce abin da na sani shi ne yana salla, kuma matarsa ba ta ji da kunnen hagu. Ban ƙara komai ba.

Aka soke hukuncin farko. Aka yanke masa shekara ɗaya da wata huɗu, babu zaɓin tara, aka kuma tsawaita takardar kariyar. Ya tambayi Tseng inda za su sake ɗaukakawa. Tseng ya ce babu sauran ƙofa.

Shagon ya rufe cikin wata guda. Tsohuwa Na ta tattara kayanta ta koma ɗakin Yulan. Yulan ɗin da ɗan tsohuwar ya nakasa, ita ta riƙa dafa mata kunu, ita ke kai ta asibiti.

A wata na tara da ɗaure shi, tsohuwar ta rasu da hantsi. Yulan ce ta yi mata wanka tare da matan masallaci. Aka aika masa gidan yari. Ya cika takardar neman izinin zuwa jana'iza, takarda ta bi hanyarta daga ofis zuwa ofis. Mu kuwa ba ma ajiye mamaci. Muka sallace ta, muka kai ta makwancinta a kan tudu.

Bayan kwana biyu aka kawo shi, da ankwa a hannu, gandirobobi biyu a gefensa. Ni na nuna masa wurin. Ya tsaya a kan jar ƙasar da ko bushewa ba ta yi ba. Sannan ya ce, "Liman, ta bar mini wata magana?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma gaskiya ita ce ba ta bari ba, kuma haka na gaya masa. Ya durƙusa, ya so ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, sarƙar da ta haɗa ankwar da ƙugunsa ta hana hannun wuce ƙirjinsa. A haka ya yi ta. Da lokacin da aka ba shi ya cika, suka ɗaga shi suka mayar da shi mota.

Ya 'yan uwa, mace amana ce, ba dukiya ba. Wanda ya ɗaga mata hannu ya ci amanar Wanda ya ba shi ita, ko da goshinsa ya yi baƙi da sujada. Idan hukuma ta ce maka tsaya nan, kada ka nemi dabarar da za ka ci gaba da zalunci ba tare da an kama ka ba. Kana iya yi wa doka wayo. Wa zai yi wa Mai gani da ji wayo? Idan aka yi maka hukunci mai sauƙi, ka gane jinkiri aka yi maka don ka tuba, ba don ka ƙara taurin kai ba.

Ku kuma da kuke jin kuka ta bango kuna ƙara ƙarar talabijin, da mu da ake kawo wa ƙara muna cewa a yi haƙuri, mu sani za a tambaye mu. Idan ta zo muku, ku raka ta inda za a kare ta. Kada ku mayar da ita.

Allah ya jiƙan tsohuwa Na, ya saka wa Yulan da alheri. Shi ma, da ransa har yanzu, Allah ya ba shi tuba ta gaskiya kafin a rufe masa ƙofa ta ƙarshe. Allah ya kiyaye mu daga zaluntar waɗanda ke ƙarƙashin rufinmu, ya kiyaye mu daga ranar da abin da muka ɓoye zai buɗe baki. Amin.