Kos Ɗin Da Malam Maiwada Ya Raina

Akwai wani hedimasta da aka yi a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur, wajen shekarar 1964, ana ce masa Malam Maiwada. Shekara ashirin da biyu yana koyarwa. Makarantar ta En'e ce, wato hukumar gargajiya, aji biyu kacal, yara sittin da 'yan kai. Wasu 'ya'yan Musulmin gari ne, wasu kuma 'ya'yan Maguzawan da ke noma a unguwannin kewaye.

Koyarwarsa iri ɗaya ce kullum: ya faɗa, yara su maimaita. Wanda ya kuskure ya sha tsumagiya. Wanda ya yi tambaya ya sha biyu, don a wurinsa tambaya raini ce.

Malami ɗaya ne a ƙarƙashinsa, Malam Isyaku, saurayi mai sanyin hali, shi ke riƙe da aji ɗaya.

Da babban hutu ya zo, sai ga takarda daga ofishin ilimi. An ce malaman yankin su je Funtua kos na mako biyu, a koya musu sabuwar hanyar koyarwa, wadda ake barin yaro ya taɓa, ya gwada, ya tambaya.

Malam Maiwada ya karanta, ya wurgar da takardar kan tebur.

"Ni za a koya wa koyarwa? Na fara riƙe alli tun masu kos ɗin suna goye. Kai je ka, Isyaku. In ka koyo wasan yara ka dawo."

Malam Isyaku ya hau kekensa ya tafi.

Da aka koma makaranta, aji ɗaya ya canza. Isyaku ya juya bencina, yara suka zauna shida-shida suna fuskantar juna. Ya sa suka kawo 'ya'yan tsamiya suna ƙirga da su, suka kawo yumɓu daga bakin rafi suna gina haruffa. Ajin da da ba ka jin komai sai maimaici, yanzu sai surutu da dariya.

Akwai wata yarinya a ajin, Marka, 'yar wani Bamaguje mai suna Mati. Bahaguwa ce. Tun farkon shekara hedimasta ya tarar da ita tana rubutu da hagu, ya dake ta a hannu har ya kumbura. Daga ranar ba a sake jin muryarta a makaranta ba.

Isyaku ya bar ta ta yi rubutu da hannun da ta iya. Wata safiya ya fitar da ajin bayan makaranta, ya ce kowa ya tsinko ganye ya faɗi sunan ganyen. Marka ta tsinko goma sha huɗu. Ta faɗi sunayensu duka, har da wanda kakarta ke ba akuya in tana zawo.

Can sai ta ɗaga kai ta ce, "Malam, me ya sa ganye kore ne, amma in ya bushe sai ya koma ja?"

Isyaku ya yi murmushi. "Ban sani ba, Marka. Amma zan duba littafi, mu nemo tare."

Ashe Malam Maiwada na tsaye bakin taga, ya ji komai.

Da aka tashi ya kira Isyaku ofis, ko kujera bai ba shi ba.

"Malami ya ce bai sani ba? A gaban yara? A gaban 'yar arna?"

"Ranka ya daɗe, abin da aka koya mana ke nan. In yaro ya ga ba a jin kunyar tambaya, shi ma..."

"Yi mini shiru! Kwana goma sha huɗu a Funtua ka dawo kana yi mini karatu? Gobe in ga bencina a layi."

Washegari da sassafe ya tara yaran aji ɗaya a fili. Ya sa aka fito da haruffan yumɓu da suka gina, ya bi su da takalmi ɗaya bayan ɗaya. Katunan karatun da Isyaku ya zana da hannunsa kuwa ya cinna musu ashana. Yara na kallo, wasu na kuka a hankali.

Isyaku ya koma aji. Ya mayar da bencina layi. Amma bai ɗauki tsumagiya ba, kuma bai hana kowa tambaya ba.

Wannan ya fi komai ƙona ran hedimasta. Ya zauna ya rubuta wa ofishin ilimi cewa Isyaku ba ya bin umarni, yana ɓata lokacin yara da yawon daji, ya kuma zubar da mutuncin makaranta. Ba a zo an bincika ba. Cikin wata guda aka canza wa Isyaku wurin aiki, aka tura shi wani ƙauye can bayan Dandume.

Malam Maiwada ya haɗe azuzuwan biyu, ya sa aka yanko masa sabbin tsumagu.

Makon farko yara hamsin suka zo. Mako na uku, talatin. Kafin a gama tsinkar auduga sun koma sha bakwai. In ɗan aiken dagaci ya fita kamo su, sai su shige cikin dawa su yi shiru har ya wuce.

Rannan hedimasta ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan Mati da kansa. Ya same shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya.

"Kai Mati, ina 'yarka? Ka san hukuma na iya hukunta ka?"

Mati bai ko tashi ba.

"Malam, dagaci ya ce mu ba da yara, muka ba da. Yarinyar nan wata bakwai ba ta magana in ta dawo gida. Da yaron nan ya dawo daga Funtua, sai ta dame mu da labari, har ta rubuta mini sunana a ƙasa. Kai ka kore shi. To ka kira hukumar. Ni ma ina da abin da zan faɗa musu."

Hedimasta bai kira ba. Amma hukumar ta zo da kanta, don lissafin yaran da yake aikawa duk wata ya tona shi.

Mai duba makarantu, Malam Ummaru, ya iso wata Talata. Ya tarar da yara goma sha ɗaya a ɗakin da ke ɗaukar sittin. Ya gaishe su, ya ce, "Wa ke da tambaya?" Ba wanda ya motsa. Wata yarinya ma sai ta ɓoye hannuwanta ƙarƙashin benci.

"Iyayen ne jahilai," in ji Malam Maiwada. "Ba su san darajar boko ba."

Malam Ummaru ya rufe rajista, ya ɗora hannu a kai.

"To Malam, waɗannan sha ɗayan da suka san darajarta, faɗa mini sunayensu."

Hedimasta ya dubi bencin farko. Ya faɗi sunan ɗan dagaci. Ya faɗi na ɗan liman. Ya tsaya a kan yaro na uku, ya buɗe baki, ya rufe. Yaron shekararsa biyu a gabansa.



A waje Malam Ummaru ya ce wa hedimasta, "Takardarka ce ta ruɗe mu, mu ma muna da laifin da ba mu zo mun gani ba. Isyaku zai dawo, shi zai riƙe makarantar. Kai kuma ko ka je kos ɗin da ke tafe ka dawo ka koyar a ƙarƙashinsa, ko ka ajiye aiki."

"In zauna a benci kamar yaro? Gara in ajiye."

Ya kuwa ajiye. Ranar da zai bar ƙauyen, motar auduga ce ta ɗauki kayansa zuwa Funtua. Mutanen da ya koyar shekara da shekaru suna zaune a bakin kasuwa, da yawansu sun zama magidanta. Ba wanda ya tashi ya kama masa ko tabarma. Shi da direba suka loda.

Darasi: Duk daɗewarka a kan aiki, ranar da ka ce ka fi ƙarfin a koya maka, ranar ka fara rasa aikin. Yaro kuma mutum ne mai suna da tunani, tsoro ba ya sa shi ya gane karatu, sai dai ya sa shi ya gudu. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila wani yaro ya samu sauƙi ta dalilinku.