Kifaye Biyu Masu Launi Ɗaya

"Yaya aka yi Keziya ta daina zuwa waƙa, bayan an haɗa ta da Dinatu, ga murya iri ɗaya, ga gari ɗaya?"

Haka na ji Mama Bilhatu tana tambayar matar fasto ranar Lahadi, ina share benci a bayansu. Ban sa baki ba. Amma ga wani misali.

Akwai wani maigida da ya ajiye akwatin gilashi a falonsa, ya zuba ruwa da duwatsu, ya saka kifi ɗaya, dangin karfasa, shuɗi mai kyau. Kifin ya mai da gindin babban dutse gidansa. Da maigidan ya ga zaman kaɗaici ya yi masa yawa, sai ya koma kasuwa neman masa abokin zama. Mai kifi ya nuna masa wani rawaya. Ya ce irin waɗannan ba sa son ganin mai kama da su, sukan ɗauka ya zo ƙwace musu wuri ne. Maigidan ya yi dariya, ya ce ai jini ɗaya ba ya faɗa, kuma shuɗi ne ya dace da labulensa. Ya sayi shuɗi, namiji kamar na farko.

Matarsa ce ke ba su abinci. Ita ta lura baƙon ya maƙale a lungun sama, bayan bututun iska, ba ya saukowa ci, wutsiyarsa kullum sai ƙara yagewa take. Ta so ta yi magana, amma mijin yana ji da kifayen nan, nauyinsa ya hana ta. Ta ce a ranta za su saba.

Ranar da dattawan ikilisiya suka zo addu'a gidan, maigidan ya ja babbansu gaban akwatin.

"Baba, zo ka ga tagwayena."

Dattijon ya gyara tabarau, ya duƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Ɗana, ɗaya nake gani. Ko Husaini ya riga mu shiga addu'a ne?"

Sai aka hango baƙon kifin bayan bututun, cikinsa a sama. Maigidan ya rasa inda zai sa fuskarsa. Matar tana tsaye da tiren kunun zaƙi, kunyarta ta fi tasa.

Ga abin da misalin yake nufi. Akwatin shi ne gidajenmu da ƙungiyoyinmu na ikilisiya. Mukan haɗa mutane aiki don sun yi kama a idonmu, ba mu tambayi halinsu ba, ba mu ba kowa wurinsa ba. Mai ƙarfi ya cika wuri, mai sanyi ya koma lungu har ya ɓace. Maigidan shi ne wanda aka faɗa wa ya ƙi ji. Matar kuwa mu ne, da muke gani mu yi shiru, mu kira shi ladabi. 'Yan'uwa, in kun ga wani ya koma lungu, ku yi magana tun yana numfashi.

Gidan nan na san shi, na san matar. Amma na yanke a raina ba zan faɗa wa kowa ko wace ce ba.