Gezar da Mati Ya Ƙi Ƙullewa

Dalilin da ya sa ɗamarar soja take da geza tana reto a gefe, ku matso ku ji, yara.

A zamanin Turawa ɗamara ba ta da geza. Masaƙi kan ƙulle bakin zare tsaf kafin ya sauke saƙa, don abin kunya ne kaya su bar hannunsa baki sake.

Akwai wani masaƙi, Mati, mai ɗa guda tilo, Cindo. Da Cindo ya shiga soja aka ba kurata jan ulu, aka ce kowa ya kai a saƙa masa ɗamara kafin tafiya yaƙi. Cindo ya kawo wa ubansa.

Mati ya juya ulun a hannu, ya ce, "Ba inda za ka sai na gama."

Ya hau saƙa, amma fa ba ya son ya gama. Ɗamara ta kai ƙugun mutum, ta wuce, ta fita zaure, har awaki suna tsallake ta.

"Baba, ƙugu ɗaya gare ni fa!"

"Ai za ka yi ƙiba a can. An ce soja har da man shanu ake ba su."

Ranar tafiya begila ta yi kuka. Saje Dogo ya leƙo zaure. "Tsoho, ɗamara kake saƙa ko rawanin giwa?"

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

Saje ya zaro wuƙa, ƙyat! ya yanke. Cindo ya yi ta naɗawa har ya koma kamar tulu, bakin zaren na lilo. Mati ya bi su har bakin gari da ƙoshiyar saƙa a hannu.

"Kada ka bari kowa ya ƙulle! Aikina ne, ka dawo mini da shi!"

Kuratan suka yi ta dariya. Amma a hanya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɓoye ya warware bakin tasa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, Mati na zaure idonsa a hanya. Ran nan sai ga Cindo, ya rame, ɗamarar ta koɗe.

"Ga aikinka, Baba. Ƙulle."

Mati ya shafa zaren. "Allah ya kiyaye. In ƙulle ka sake tafiya?"

Shi ya sa har yau ake barin gezar nan a sake: a gida akwai mai jiran a kawo masa ya ƙarasa.