Burgamin da Aka Zazzage a Ƙofar Birnin Dashi

An yi wani sarki a Birnin Dashi, ana ce da shi Jatau, mai yawan runduna da cikar rumbu, wanda ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin waɗanda za su ɗauki nauyinta. A ƙetaren kogi kuwa akwai ƙauyukan Gangare, ƙarƙashin wani azzalumi, Bagudu Sarkin Maje. Bagudu ya nemi mazan Gangare su bar sharar gona su je su gina masa ganuwa, suka roƙi ya dakata sai an yi kaka, shi kuwa ya ɗauki roƙon nan tawaye. Ya aika aka ƙone musu rumbuna, aka cike rijiyoyi da ƙasa, aka zuba dakaru a kan hanyoyi, duk wanda ya fita da fartanya a kama shi.

Ana cikin haka, bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai wata tsohuwa mai suna Tasalla, ungozomar Gangare, ta ƙetaro kogi rungume da gora, ta iso fada zaninta bai gama bushewa ba. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ban zo roƙon tuwo ba. Na baro 'yata Yalwa da 'ya'yanta a cikin duhuwar fadama, tare da sauran mutanenmu, sun binne ɗan irin geron da ya tsira a cikin tulu. Ruwa na gab da sauka. In shuka ta wuce mu, wanda takobi ya bari yunwa za ta ɗauke shi, Bagudu ba sai ya ƙara wahalar da kansa ba."

Sarki ya dubi majalisa ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Madawaki Ƙosau, shugaban mayaƙa, ya riga kowa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hayaƙin rumbunan nan daga kan soron fada aka hango shi, ba wanda zai ce bai gani ba. Allah bai ba mu ƙarfi don mu yi ado da shi ba. In muka zauna muna taunar goro har aka gama da bayin Allah, to, da hannunmu a ciki. A buga tambari, in kawo maka Bagudu a ɗaure."

Alƙali Zubairu, dattijo mai sanyin murya, ya gyara rawani ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, niyyar Madawaki kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma a zamanin mahaifinka da irin wannan niyya muka tafi ceton mutanen Kwargo. Mun kori azzaluminsu, gaskiya ne, sai dai rundunarmu ta cinye abin da ya rage musu, ta kwance awakinsu, ta dawo da 'ya'yansu a matsayin bayi, yau Kwargo kufai ne. Madawaki na cikin tafiyar, yana saurayi. Ina jin har yanzu akwai tukunyar Kwargo a gidansa."

Madawaki ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tukunyar ta daɗe da fashewa. Amma buzun da Malam yake zaune a kai yana hukunci cikin kwanciyar hankali, mu masu tukwanen muke tsare masa shi."

Aka yi dariya, ban da Tasalla.

Sarki ya ga kowannensu ya faɗi gaskiya, gaskiyar ɗaya kuma ba ta kashe ta ɗayan ba. Sai ya juya wajen Waziri Haliru ya ce, "Waziri, in na zauna, jinin Gangare na wuyana, in na tafi, ina tsoron in zama Bagudu na biyu. Nemo mini hanyar da zan tsaya gaban Ubangiji ba tare da ɗayan biyun nan ba."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji mai takobi, mun ji mai littafi, saura mai ciwon." Ya dubi tsohuwar ya ce, "Iya, in mutanenki suka ji tambarinmu a bakin kogi, me za su yi?"

Tasalla ta ce, "Za su tone tulun irin su ƙara nutsawa cikin daji, ɗan nan. Uwata 'yar Kwargo ce."

Waziri ya ce, "To me ya kawo ki wurinmu?"

Ta ce, "Rashin wata ƙofar."

Abin da ya sa mutanenta ke tsoron runduna, a wancan zamani ga yadda ake yaƙi: mayaƙi yakan fita da burgaminsa na fata babu komai a ciki sai ɗan guzurin yini, ya ci a duk ƙasar da ya sauka, ya dawo da shi cike da ganima, wannan shi ne ladansa. Runduna kuwa ciki gare ta, ba ta tambayar ko tuwon na azzalumi ne ko na wanda aka zalunta. Duk macen da ta taɓa ciyar da 'yan gayya ta san abin da mazan da suka gaji suke yi wa rumbu, balle waɗanda suka zo da makami.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shawarata a je, amma a juya burgami. Kowane mayaƙi ya fita da nasa cike, da abincinsa da irin shuka daga rumbun Sarki, ya dawo da shi babu komai, a zazzage shi a ƙofar birni a gaban jama'a. Kowa ya riƙa fartanya tare da mashi. Babu ganima, babu bawa. Ba za mu nufi Maje ba, za mu tsaya ne tsakanin Bagudu da gonaki. Alƙali ya bi runduna, mutanen Gangare su riƙa kawo masa ƙarar duk wanda ya taɓa musu ko da ƙwai ne. Ranar da aka ɗaure damin gero na ƙarshe, mu juyo gida."

Alƙali ya ce, "Wato Waziri, don na ce kada a je, shi ne ka tura ni gaba?"

Waziri ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wanda ya fi kowa tsoron ɓarnar, shi ya fi dacewa da tsaronta."

Sarki ya yarda. Aka tara mayaƙa a ƙofar fada, sanƙira ya faɗa musu sharuɗɗa. Tun bai rufe baki ba wasu suka tuna iyayensu ba su da lafiya, wasu suka ce ciwon ƙafa ya motsa, fili ya yi ta raguwa har ya zama waɗanda suka watse sun fi waɗanda suka tsaya. Madawaki ya dubi abin da ya rage masa, fuskarsa ta yi nauyi, ya ce, "Ashe dama yawancinsu awakin Gangare za su je ceto." Sa'an nan ya aika gida aka kawo masa burgaminsa, ya cika shi da kansa, ya saɓa fartanya a gaban kowa. A nan ne ya nuna shi namiji ne, don ɗaukar fartanya ya fi masa ɗaukar saran takobi wuya.

Suka ƙetare kogi babu tambari, Tasalla a gaba, ita ce ta shiga duhuwa tana kiran mutane da sunayensu, tun da yawancinsu a hannunta suka faɗo duniya. Ta tarar da Yalwa da rai, amma ƙaramin jikanta an riga an binne shi, kuma akwai ƙauye guda da ba a tarar da kowa a cikinsa ba. Ba ta zauna kuka ba, ta ce a tono tulu. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, mayaƙa na sara, mata na zuba iri suna rufewa da diddige.

Bagudu bai ƙyale ba. Ya aiko da dakaru ana tsakiyar noman farko, aka gwabza a bakin gona, aka kore su, mutanen Dashi ma suka yi asarar rayuka. Jinin Madawaki ya hau, ya so ya bi su har Maje, Alƙali ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Ƙosau, gonar tana bayanka." Ya tsaya yana huci, ya juyo. Wani mayaƙi kuma ya yanka kazar wata gwauruwa, Alƙali ya sa aka yi masa bulala, aka kuma sa shi ya yi mata noman gonarta har maimai, wato noma na biyu. Tun daga ranar matan Gangare suka daina ɓoye kaji. Tsakanin noma da girbi aka yashe rijiyoyi, aka kafa kafi kewaye da ƙauyuka, aka koya wa samari tsaron ƙofa. Bagudu kuwa, da ya ƙone rumbunan da yake ci daga cikinsu, sai ya rasa abin ciyar da dakarunsa, suka riƙa sulalewa.

Da aka ɗaure dami, runduna ta juyo. Sarki ya fito ƙofar birni, aka riƙa zazzage burgami ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ke faɗowa sai ƙaiƙayi. Matan da mazansu ba su dawo ba suna tsaye a gefe, Alƙali ya je ya tsaya tare da su, ya ce wa Waziri, "Waɗannan ma a sa su cikin labarin." Waziri ya ce, "Su ne farkonsa."

Sai dattawan Gangare, waɗanda suka rako runduna, suka faɗi gaban Sarki suka ce sun zo caffa, ya karɓi ƙasarsu, su riƙa kawo masa gero kowace kaka. Zuciyar Sarki ta yi fari, don ƙasar Gangare fadama ce mai albarka, ga ta kuma ta zo da ƙafarta. Ya buɗe baki zai amsa, sai Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an zazzage na kowa, saura burgami guda."

Sarki ya ce, "Na wa?"

Waziri ya ce, "Na Sarki. Mun yi wa bawan Allah bulala a kan kaza. Ban san abin da za mu ce masa ba in ya ga ƙasa guda ta shige burgamin ubangidansa."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ya dubi Tasalla ya ce, "Iya, da gaske so kuke in mallake ku?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tsoro ne ya kawo su. Ba su taɓa ganin an yi taimako an tafi haka nan ba, shi ne suka ce gara su miƙa da kansu tun ba a ƙwata ba."

Sarki ya daɗe yana kallon kogi. Sa'an nan ya ce wa dattawan, "Ku tashi. Ku koma ku naɗa wanda kuka yarda da shi. Geronku naku ne. In an sake taɓa ku, ku aiko, amma a matsayin maƙwabta."

Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ba Madawaki takobin mahaifinsa, ya ba Alƙali amanar ciyar da marayun waɗanda suka faɗi daga rumbun fada. Tasalla kuwa da aka tambaye ta abin da take so, sai ta ce a ba ta jirgi, ta tsufa da ƙetare kogi a kan gora.

Aka rataye burgami guda a ƙofar birnin, bakinsa na kallon ƙasa, don duk sarkin da zai fita ceton wasu ya bi ta ƙarƙashinsa ya tuna: zama a bar wanda aka zalunta zalunci ne, amma adalcin mai ceto ba a sanin sa ranar da ya fita, sai ranar da ya dawo aka duba abin da ke hannunsa.