Fuskar Ya Kashim a Jikin Filasma

Yayana Kashim mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda: ba a ba shi shawara. In ka ce masa ga rami a gabansa, sai ya tambaye ka shekarunka nawa. A gidanmu na Limanti kowa ya san haka.

Shekarar da matarsa Anti Maimunat ta haifi ɗansu na fari, Ya Kashim ba shi da tsayayyen aiki. Surukinsa Alhaji Yunus, dillalin shanu, ya ce zai buɗe shagon abincin dabbobi, kuma yana tunanin damƙa masa riƙonsa, amma sai ranar suna zai yanke magana. Maimakon Ya Kashim ya nutsu, sai ya ce dole Alhaji ya ga cewa 'yarsa tana gidan babban mutum. Ya sayar da babur ɗinsa, ya ce falo zai koma sinima.

Ni ya ɗauka rakiya zuwa Kasuwar Kwastam, shagon Baba Dzarma, dattijon da ya tsufa a sayar da talabijin da gyaranta. Baba Dzarma yana da wata ɗabi'a. Kafin ya yi magana sai ya zamo da tabarau kan hanci, ya yi ɗan tari, kuma kowace magana da "ka ji ko?" yake rufe ta.

"Wushe, Baba," Ya Kashim ya gaishe shi. "Filasma nake so. Wadda ta fi kowace girma."

"Falon naka taku nawa ne?"

"Falon zan saya ko talabijin?"

"Ɗana, in ɗaki ƙarami ne, mai inci arba'in da biyu ta ishe ka. Babba a kusa wuya take gajiyarwa, ka ji ko?"

Ya Kashim ya nuna mai inci sittin. Baba Dzarma bai ja ba. Ya kunna ta, ya nuna mana yadda baƙinta yake baƙi ƙirin, da yadda ƙwallo take gudu ba tare da hoto ya dusashe ba. Sannan ya zamo da tabarau, ya yi tari.

"Kaya ne mai kyau, amma filasma tana da riƙo kamar tsohuwa. Kada ka bar hoto ɗaya tsaye a kanta, balle yanzu da take sabuwa. Ka rage haskenta. In hoto ya daɗe, gilashin yake ci, ka ji ko?"

"Na ji," in ji Ya Kashim, idonsa yana kan rimot.

A hanyar dawowa ni na ɓata abin. Na ari tabaran Ya Kashim, na zamo da shi kan hanci, na yi tari, na ce, "Filasma tana da riƙo kamar tsohuwa, ka ji ko?" Ya yi dariya har da hawaye. Daga nan gargaɗin ya zama abin wasa a gidan. Ko gishiri Mama ta ce a miƙo, sai na ce, "Gishiri yana da riƙo, ka ji ko?"

Aka kafa filasmar, ta cinye bango guda, aka jera sifiku, aka sauya labule. Kwanakin barka ne, mata da maza suna ta shige da fice. Ya Kashim ya ga bai kamata baƙi su tarar da gilashi baƙi ba. Ya sa hotonsa, yana cikin babbar riga fara da hular zanna, ya tallafe haɓa, a ƙasa an rubuta INJINIYA KASHIM da manyan baƙaƙe, shi da ko difloma bai ƙarasa ba. Ya ƙure haske. Tun safe har magariba janareta yana ruri, hoton yana tsaye. Kwana shida ana haka. Anti Maimunat ta ce, "Ba an ce kada a bar hoto ba?" Ni kuwa na yi tari, aka kwashe da dariya, maganar ta mutu.

Ranar suna, bayan an ci abinci, dattawa suka shigo falo. Alhaji Yunus ya zo da wani aminin ƙuruciyarsa da suka tashi tare a Khaddamari. Ina shigowa da tiren shayi na ga ashe Baba Dzarma ne.

"Kashim, sa mana labarai," in ji Alhaji.

Ya Kashim ya danna rimot cike da isa. Mai karanta labarai ta fito, mace ce, amma ga inuwar gashin baki a fuskarta, ga hular zanna a kan ɗankwalinta. Ya yi sauri ya sauya tasha. Ƙwallo ake yi, ga ƙaton kansa shimfiɗe a tsakiyar fili, 'yan wasa suna gudu ta cikin hancinsa. Ya sake sauyawa. Wannan karon shirin kiwo ne, wani bijimi ya cika gilashin yana tuƙa, hular tana zaune daram tsakanin ƙahonninsa, a ƙasa kuma ana iya karanta INJINIYA KASHIM.

Wani dattijo ya ƙware da shayi.

"Kayan banza aka sayar mini!" in ji Ya Kashim, yana nuna Baba Dzarma. "Ga shi nan, a tambaye shi."

Alhaji Yunus ya juyo gare ni.

"Humaira, an ce da ke aka je. Me ya gaya muku?"

Na buɗe baki in faɗi gaskiya. Wallahi ban yi niyya ba, amma kwana shida ina maimaita abu ɗaya, harshe ya saba. Na yi ɗan tari, muryar Baba Dzarma ta fito daga bakina sak: "Kada ka bar hoto ɗaya tsaye a kanta. Gilashin yake ci, ka ji ko?"

Babu wanda ya yi dariya. Baba Dzarma ya zamo da tabarau ya dube ni.

"Ashe an ji," ya ce a hankali. "Kin ma fi ni iya faɗa, 'yata."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya Kashim ya sunkuyar da kai.

Alhaji Yunus ya ajiye kofinsa. "Talabijin ba komai ba ce, Kashim. Amma an gaya maka, ka ƙi ji, da ta ɓaci kuma ka ɗora wa dattijo a gaban mutane. Shago ba ya son mai kunnen ƙashi. Zan nemi wani."

Washegari Mama ta tasa mu gaba har shagon Baba Dzarma, muka durƙusa muka ba shi haƙuri. Ya yafe mana. Ya zo ya yi iya ƙoƙarinsa, inuwar ta ɗan ragu, amma hular da rubutun ba su fita ba. Filasmar tana nan a falo har yau. In an yi baƙi, Ya Kashim zanen gado yake rufa mata, ni kuma tun ranar ban sake aron muryar babba ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kaya mai tsada ba ya ƙara wa mutum daraja, jin magana ne yake ƙarawa. In za ka sayi abin da ba ka sani ba, ka saurari wanda ya tsufa a kansa, in ka yi kuskure kuma ka ɗauki laifinka. Wanda kuwa ya mayar da nasihar manya abin dariya, ya sani yana da kaso a ɓarnar da za ta biyo baya.