Rodin Awon Baba Tartsatsi

Akwai wani mai walda da ake kira Baba Tartsatsi. Duk Asabar yakan rufe shago su tafi tafki fatsa da abokansa, ba don sayarwa ba, don nishaɗi da cika baki. Shi ke riƙe da rodin awo, sandar ƙarfen da suke auna tsawon kifi da ita. Kifin da ya fi tsawo a shekara, sai ya yi wa rodin zane da zarto daidai wutsiyarsa.

Zanen da ya fi nisa na wani marigayin direba ne. Tun daga kansa zanukan ke ta ja da baya.

Ɗan direban, Jan Wuya, ya rantse sai ya wuce ubansa. Duk babban kifin da ya hau ƙugiyarsa, ko da cikinsa fal ƙwai, dutse yake sawa ya fasa masa kai.

"Ɗan nan, mayar da uwar nan ruwa," Baba kan ce. "In ka ƙarar da manya, ƙanana ne za su haifa maka ƙanana."

"Baba, ji da ƙarfenka. Kifi surukinka ne?"

Wata Asabar Jan Wuya ya jawo giwan ruwa da ƙyar, yana ihu yana dukan ƙirji. Baba ya shimfiɗa kifin a jikin rodi. Saura taƙi guda ya kai zanen direba.

Wani tela cikin abokan fatsar ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan ai jikan kifin babanka ne!"

Idon Jan Wuya ya rufe. Ya shaƙe Baba.

"Tsohon banza, ƙara wa rodin tsawo ka yi! Kai da walda, wa zai gane?"

"Wallahi rodi bai ƙaru ba, ɗana. Kifin ne ya ragu."

Jan Wuya ya fizge rodin ya zabga wa Baba a ƙeya. Ya ƙara. Baba ya kifa kan duwatsu, jini na malala, kifin na mutsu-mutsu a ciki. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

A kotu aka juya rodin gaba da baya. Ko ɗigon walda babu. Jan Wuya ya durƙushe yana kiran "Baba, Baba," aka ja shi zuwa ɗaurin rai da rai.

Baba Tartsatsi mahaifina ne. Da hannuna na yi masa wanka. Allah ya jiƙansa.

Darasi: Abin da hannunka ya rage, kada ka nemi cikonsa a kan mai faɗa maka gaskiya. Ku tura wa duk mai saurin hannu, ko Allah zai sa ya tsaya.